Awakin Inna da Ƙungiyar Baba

Makon jiya Baba ya sallami matar da ke zuwa yi masa gashi da motsa jiki. Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama hannunsa na hagu, tun lokacin kuma yake zaune a wurina a Ladywood. Ya ce mata kada ta sake wahalar da kanta, hannun ya mutu, shi likita ne ya sani. A ranar dai ya sa ni kashe talabijin, domin ƙungiyar besbol ɗin da ya kwashe shekaru yana goyon baya ta sake zubewa a tsakiyar kakar wasa.

"Ni da su duk mun gama," in ji shi.

Ina tsaye da rimot a hannu sai Inna ta faɗo mini a rai.

Inna ita ce mahaifiyar Baba. Ina da shekara tara ta zo daga Kano ta zauna da mu a unguwar Levenshulme da ke Manchester, a irin gidajen nan da in maƙwabci ya yi atishawa sai ka yi masa addu'a. A falonmu akwai murhun gas, kuma tun ranar da ta sauka ya zama nata. Ko a watan Yuli, Turawa na yawo da gajeren wando a Stockport Road, Inna sai ta kunna wutarta ta miƙa ƙafafu. In Mama ta yi ƙorafin zafi, sai ta ce, "Wannan ranar taku ai hoto ce kawai."

Bayan abincin yamma ni da ƙanwata Nafisa mukan zube a gabanta. Matsalar ita ce Inna ba ta tatsuniya da rana, rana kuwa a bazarar Manchester ba ta da niyyar faɗuwa. Sai ta samo dabara. "Maigidana, tashi ka ja labule, dare ya yi," haka take ce mini. In na ja, shi ke nan, dare ya yi da izinin Inna.

A wancan gefen falon kuma Baba ne da besbol ɗinsa. A Amurka ya ɗebo ciwon, lokacin da ya je ƙaro ilimi. Ana buga wasannin muna barci, sai ya naɗa ya kalla washegari, ya rage murya, da hular ƙungiyar a kansa. Inna ba ta taɓa gane wasan ba. A wurinta wani na jifa, wani na duka da gora, sauran na tsaye suna jiran abin da bai zo ba. Mutum ɗaya take so, wanda ke tsugunne yana cafe ƙwallo. Ta ce duk cikinsu shi kaɗai aka yi wa tarbiyya.

A wannan shekarar ƙungiyar ta fara da ƙarfi, sai kuma ta shiga shan kashi ba ƙaƙƙautawa. Wata yamma Baba ya cire hular ya wurga ta cikin jakar tsofaffin kayan da Mama za ta bayar sadaka. Ya yi mana bayani fuska a murtuke. Ya ce idan ƙungiya ta yanke ƙauna a tsakiyar kaka, takan sallama gwanayenta ga wasu ta jira baɗi, kuma shi ma yana ganin gara su yi hakan a huta.

Inna ta dube shi, ta dubi jakar, ta ce in ja labule.

"Ku ba ni kunnuwanku aro," ta fara, "har da mai gemun can."

Ta ce a wani ƙauye an yi shuka da ruwan farko, gero ya tashi gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Ganye ya naɗe, ya koma kalar ƙasa. Akwai wani manomi, Tanko, mai saurin yanke hukunci. Ya leƙa gonarsa daga bakin shinge, ya ce an yi asara, gara awaki su amfana. Ya buɗe musu, suka share gonar tas. Maƙwabta suka bi sahunsa. Wata tsohuwa ce kawai ta ƙi. Kullum da sassafe takan shiga tsakiyar gonarta, ta zare ganyen da ke can cikin zuciyar karan, ta ɗan ciza. In ta ji danshi sai ta ce, "Da sauransa," ta ƙara ɗaure shingenta. Aka yi ta yi mata dariya, har awakinta suka daina gaishe ta. A nan Inna takan kwaikwayi fushin akuya, mu kuwa mu yi ta birgima a kan kafet. Da ruwa ya dawo, gonarta ta miƙe, gonar Tanko kuwa ba abin da ya rage da zai miƙe.

Nafisa, wadda Hausarta rabi Turanci ce, ta ce, "To Inna, what if ta ciza ta ji a bushe?"

"Sai ta saki awakin, ba kuka ba ihu," in ji Inna. "Laifin Tanko ɗaya ne, daga bakin shinge ya duba."

Sannan ta juya ga Baba. "Sani, ka ciza kuwa? Yaran nan naka lalacewa suka yi ko ciwo suke?"

Baba ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya manyan masu jifansu biyu ne ke jinya, ana sa ran dawowarsu, kuma kusan rabin wasannin ba a buga ba.

"Mai ladabin nawa fa?"

"Yana nan, Inna."

"To ɗauko hularka. Na sauke tatsuniyata a nan, mai so ya ɗauka."

Ba zan yi ƙarya ba, ba su ci kofi a shekarar ba. Amma sun farfaɗo, suka yi ta kokawa har makon ƙarshe kafin a fitar da su. Wannan bazarar ce mafi daɗi a ƙuruciyata. Inna ma ta koma kallo, tana yi wa mai tsugunne addu'a, tana zagin alƙalin wasa da Hausar da ba a koya mana ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin wa'azin haƙuri. Sai da na girma, bayan rasuwarta, na gane ba ta ce kowace gona za ta tashi ba. Cewa ta yi ka shiga ciki ka duba kafin ka yanke, domin abin da gajiya ke nuna maka daga nesa ba shi ne gaskiya ba. Ina kewarta ƙwarai.

Don haka ranar nan na ajiye rimot, na je na ja labule, ƙarfe huɗu na yamma. Baba ya bi ni da kallo, na ga bakinsa ya motsa. Na zauna na sa yatsuna biyu a cikin tafin hannunsa na hagu.

"Baba, ku matse mu gani."

"Kai Bashir, ni za ka koya wa aikina?"

"Daga bakin shinge kuka duba, Baba."

Ya zuba wa hannun ido kamar na wani majinyaci. Can sai na ji yatsunsa sun ɗan rufe a kan nawa, kaɗan ƙwarai, amma mu biyun duk mun ji.

Sannan ya share ido da hannun dama, ya gyara murya.

"Kira matar nan mai gashi, ka ba ta haƙuri. Kuma kunna mini wasan, ka miƙo hulata. Da sauransa."