Tsohon da ke lissafa zakarun tanis

Shekarata ta biyu a garin Laurel, can ƙasar Turawa, aka haɗa ni da wani tsohon Bature in riƙa kula da shi a gidansa. Mantuwa ta ci ƙarfinsa, har 'yarsa ba kullum yake gane ta ba. Abu ɗaya ne bai kuɓuce masa ba: sunayen zakarun wani tsohon wasan tanis da ya buga da ƙuruciya, wanda ake yi a rufaffen ɗaki, ƙwallo na dukan bango tana gangarowa ta kan wani rufin katako da ke cikin ɗakin. Ina yi masa aski yana jero su, wane ya kayar da wane, wane ya daɗe ba a ture shi ba, tun daga mutanen da suka mutu kafin a haifi kakansa. Yadda malaminmu na Zariya ke jero salsalar malamansa, haka yake yi.

Wata Asabar 'yar ta roƙe ni in kai shi filin wasan, can tsallaken kogi a jihar Virginia. Mun isa da hantsi. Mai kula da wurin ya kunna mana fitilu, ya zaunar da mu a wani lungu bayan raga, ya koma ofis. Ba kowa a filin.

Tsohon ya gyara zama, ya cire hularsa. Sai kansa ya fara juyawa, dama, hagu, dama, yana faɗin maki a hankali.

Na ce, "Baba, wa kake kallo?"

Ya ce, "Yi shiru. Mai riƙe da kambu ne zai buga."

Ya ambaci suna, ɗaya daga na farko-farkon jerin nan nasa. Daga nan na ji wani gurnani a saman kanmu, kamar abu mai nauyi na mirginawa a kan katako, ya tafi har ƙarshen rufin ya tsaya. Na jira in ji faɗuwarsa a ƙasa, ban ji ba. Sai na lura ni ma kaina bin nasa yake yi. Na kama karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

Can ya ɗaga hannu kamar mai amsa gaisuwa, ya ce, "A'a, ba yau ba. Ban zo da takalmana ba."

Da za mu fita na tambayi mai kula da wurin ko akwai wani a sama. Ya ce bututun ɗumama ɗaki ne, wani lokaci yana ƙara. Ban yi masa musu ba.

A mota tsohon ya yi barci. Washegari da na zo ya sa na fito masa da fararen takalmansa daga kabad, na goge su, na ajiye a gefen gado. Kafin bazara ya rasu. 'Yar ta ba ni abin bugun ƙwallonsa mai karkataccen kai, ta ce in riƙe don tunawa. Maiɗakina ta ji labarin, ta ce ba dai cikin gidanta ba. Yana gareji har yanzu, a bayan tayoyin da nake sa wa mota lokacin hunturu.