Ranar da Na Kai Yaya Kafe da Ganyen Tumatir

Shekarar da aka buɗe kafen intanet a Kura, ni kam na samu wurin zuwa. Ina tashi daga makarantar firamaren da nake koyarwa sai can. Abin da ya fi burge ni a burauzar da ke kwamfutocin, wato manhajar shiga intanet, shi ne in buɗe tagogi uku ko huɗu, in jera su gefe da gefe kamar fangalin albasa, ina kallon kowacce.

Da ranin wannan shekarar ganyen tumatirin yayana ya fara yin ruwan ɗorawa daga ƙasa. Ya ce cuta ce, tumɓuke gonar zai yi duka kafin ta kama ta maƙwabta. Na roƙe shi ya ba ni kwana ɗaya, na ce zan nuna masa hotunan cututtukan tumatir na duniya ya gwada da nasa. Da ya yarda, murna ta hana ni karyawa. Na goyo shi a babur, ganyen na naɗe cikin hularsa.

Mai kafen ya tare mu baki har kunne.

"Malam, kun zo a sa'a. Na sabunta burauzar."

Ashe ɓarna ya yi. Duk shafin da na buɗe sai ya maƙale a sama, ɗan mitsitsi, ba ka ganin biyu a lokaci guda. Ga nauyi. Hoto ya sauko rabi ya tsaya cak. Na buɗe bakwai, na rasa wanne ne wanne, na je rufe ɗaya, duka suka tafi. Wallahi ji na yi kamar in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa.

Yaya ya duba agogo. "Kai, bayan azahar za a sako ruwa layin gonakinmu. Tashi mu tafi."

"Yaya, don Allah minti goma."

Na juya kan mai kafen da faɗa, na ce wa ya aike shi gyaran abin da bai lalace ba. Ya sosa ƙeya, ya nuna wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ya ce ita bai taɓa ba, don ta ƙi karɓar sabuntawar. Ban taɓa son wani abu don taurin kansa kamar ita ba.

Nan da nan na koma kanta, na jera hotuna huɗu. Yaya ya warware ganyen, ya kara a jikin gilashin, yana bi ɗaya bayan ɗaya. A na uku ya tsaya.

"Ga shi nan sak. Me suka ce?"

Na karanta sau biyu, sannan na fassara masa. Ba cuta ba ce. Ruwa ne ya yi wa saiwar yawa.

A hanya gudu nake ina dariya ni kaɗai. Mun isa ruwa na gangarowa a kwata, kowa ya tsaya da fartanya yana buɗe wa gonarsa. Yaya ya naɗe wando, ya ɗebi laka ya toshe bakin tasa. A ce manomin rani ya mayar da ruwan da ya yi mako yana jira, wannan ba a saba gani ba. Maƙwabcinsa ya bar aikinsa ya matso.

"Lafiya kuwa? Wa ya ce ka toshe?"

Yaya bai ko ɗago ba, ya ƙara danna lakar da ƙafa.

"Ƙanena ne ya duba," in ji shi. "Ba tumɓukewa."