Ranar da Malama Bibiana Ta Ce Arba'in da Biyar

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan layin dogo a Sabon Gari da hantsi ya san muryar Malama Bibiana, ko da bai san fuskarta ba. Masu faci na bakin titi sun haddace lissafin sau bakwai ba tare da sun taɓa taka aji ba. Shekara ashirin da tara ke nan tana koyarwa a firamaren da kowa ke kira Bayan Dogo, kuma a nan ta yi nata karatun, zamanin da mahaifinta, mutumin Zonkwa, yake gyaran taragu a reluwe.

'Yan mishan ne suka gina makarantar don 'ya'yan ma'aikatan jirgi. Daga baya gwamnati ta karɓa, ta canja allon ƙofa, ta bar sauran ga Allah. Azuzuwa goma sha biyu aka gada. Huɗu iska ta yaye musu rufi, ɗaya awakin unguwa suka mallake, kuma gaskiya sun fi kowa zuwa a kan lokaci. Shekarar da aka yi wa malamai jarrabawa aka sallami dubbai, Bibiana ta ci, abokan aikinta tara suka tafi. Aka turo sababbi shida masu digiri da takalma masu ƙyalli. Kafin damina ta zagayo, biyar sun gano hanyar Abuja.

Haka aka haɗe mata aji uku gaba ɗaya a ɗaki guda: yara ɗari da talatin da bakwai, benci goma sha ɗaya. Na gaba a ƙasa, na baya a kan taga. Kafin kalma ta isa bango sai ta tayar da jijiyar wuya. A hankali muryar ta fara dishewa, tana yankewa tsakiyar jimla. Likita ya leƙa maƙogwaronta ya ce, "Mama, wurin nan ya gaji. In ba ki rage ihu ba, wata rana za ki buɗe baki ki ji shiru."

Ta ce, "To likita, zo ka riƙe min na baya."

Ba ƙarin girma take nema ba. Malami ɗaya take so a raba ajin biyu, ta yi magana kamar mutum. Takarda goma sha ɗaya ta rubuta a kan haka.

To, makarantar tana da wata al'ada da ake kira kwalliyar baƙo. Asalinta, an taɓa yin wani hedimasta mai gaskiya da ya zagaya da sufeto lungu-lungu, har masan da ya rufta ya nuna masa. Bayan sati biyu aka tura shi wani ƙauye da ko ɗan acaɓa sai ya yi addu'a kafin ya ɗauki hanyar. Tun daga nan, da an ji baƙi za su zo sai a shafe duwatsu da farar ƙasa, a ari benci, a ce wa yaran da ba su da kayan makaranta su huta a gida. Sufeto ya gani ya yaba, kowa ya tsira da kujerarsa.

Wata Litinin hedimasta na yanzu, Malam Raphael, ya samu saƙo a waya cewa baƙi za su zo ranar Alhamis. Daga ina, don me, bai tambaya ba. Baƙo ai baƙo ne. Ya kira wata ƙawar matarsa da ke shugabantar wata firamare a Samaru, inda ɗaliban jami'a ke koyon aikin koyarwa, ya roƙi aron benci da malamai. Ranar Laraba sai ga a-kori-kura biyu shaƙe da benci.

Bibiana ta same shi a ofis. "Oga, kullum muna nuna mun ƙoshi. Ranar da za a raba abinci fa?"

"Anti Bibi, shekara biyu ta rage min. So kike in ƙarasa su inda sai an hau bishiya ake amsa waya?"

"Ni kuma wuyan nawa?"

"Ki sha citta da zuma. Alhamis ɗaya ce."

Ita da kanta ta zaɓi yara arba'in da biyar masu wankakkun kaya, ta sallami sauran. Ta saba. Ta yi wa hedimastoci shida haka.

Ranar Alhamis Keke Napep biyu suka sauke malaman aro, ɗaliban jami'a takwas daga Samaru, kowa da ƙamshin turare. Wata ta tambaye ta, "Momi, ina ne kilas ɗina?" Bibiana ta nuna mata ɗakin awaki, wanda aka share aka yayyafa wa ruwa.

Shugabar baƙin wata mace ce, Madam Mojisola, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta hedimasta. Ta shiga aji uku ta tsaya tana kallo. Yara uku-uku a benci, kowa da fensir. Ta daɗe tana duban ƙasan ɗakin, inda zaman yara ya goge siminti har yana sheƙi.

"Malama, yara nawa ne a ajinki?"

Raphael yana bakin ƙofa yana murmushi har kunne. Bakin Bibiana ya amsa kafin zuciyarta ta yi shawara.

"Arba'in da biyar, ranki ya daɗe."

"Kullum haka?"

"Kullum."

"Muryarki fa?"

"Mura ce."

Madam Mojisola ta matso ta rage murya. "Anti, tsakanina da ke, akwai abin da kike buƙata?"

Bibiana ta ji ɗari da talatin da bakwai ta taso mata har bakin harshe. Ta dubi ƙofa. Ta ce, "Alli." Aka miƙo takarda ta sa hannu.

Da motar baƙi ta tashi, Raphael ya saya wa kowa lemo. Ya ce bai taɓa ganin kwalliyar da ta zauna kamar wannan ba.

Bayan sati shida takarda ta iso. Ashe baƙin ba sufetoci ba ne. Wata ƙungiya ce da ke haɗa hannu da hukuma, tana zaɓen makarantu goma sha biyu da suka fi jigata don a tura musu malamai a gyara rufi. A gaban sunan Bayan Dogo an rubuta cewa malamai sun wadata har da rara, don haka za a ɗauke ɗaya a kai inda ake buƙata. Makarantar Samaru kuwa, a ranar baƙin suka biya ta can bayan azahar, suka tarar da yara zube a ƙasa babu benci, azuzuwa takwas babu malami. Ita ce ta biyu a jerin.

Raphael ya karanta sau biyu, ya ce hawan jininsa ya tashi, ya tafi gida.

Bibiana ta ɗauki rajistar ajinta ta gaskiya, ta yi kwana uku tana bin ofisoshi har ta samu Madam Mojisola. Ta buɗe mata shafi-shafi, suna bayan suna.

Matar ba ta ko taɓa littafin ba. "Anti, sau nawa na tambaye ki?"

"Ke 'yar Sabon Gari ce. Kin san yadda ake yi."

"Na sani. A irin makarantar nan na yi, ni ma an taɓa ce min in huta a gida. Shi ya sa na matso kusa da ke. Ba ni da ikon rubuta abin da na zata, sai abin da aka faɗa min aka sa hannu."

"A gyara mana."

"An rufe jerin, ya wuce sama. Sai zagaye na gaba."

"Yaushe?"

"Shekara huɗu, in an yi."

Malamin da aka ɗauke shi ne na aji biyu. Raphael ya raba yaransa, ashirin da shida suka faɗo wa Bibiana.

A zango na biyu, wata Talata, tana tsakiyar karanta musu labari muryar ta tsaya. Ta sha ruwa, ta yi tari, ta sake buɗe baki, iska kawai ta fito. Likita ya ce ko za ta dawo, ba irin ta da ba, kuma sai ta yi wata uku ba ta ɗaga ta ba. Ta nemi hutu, Raphael ya tambaye ta wa zai ba ajin.

Har yanzu tana zuwa ƙarfe bakwai da rabi. Tana buga rula a tebur, ta juya ta rubuta darasin ranar a allo da manyan baƙaƙe, tsaf-tsaf, irin rubutun 'yan mishan. A cikin yara ɗari da sittin da uku, waɗanda ke iya karanta abin da ta rubuta ba su kai ashirin ba. Sauran suna kwafa kamar zane, layi bayan layi, har a buga ƙararrawa.