Sabar da Aka Adana Kamar Wake

Mun tashi daga Funtua bayan sallar asuba, ni da abokin aikina, raina a jagule. Kwana uku sabar, wato kwamfutar haɗa kira da na kafa wa wata ƙungiyar manoma a Malumfashi, ta ƙi aiki. Da ita suke kiran malamin gona ta bidiyo, ga shi tsutsa ta faɗa wa masararsu, suna so ya ganta ya faɗi maganin feshi kafin ta cinye kan.

Hanya shar, masara da dawa hagu da dama. A Bakori muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba.

A mota na yi ta lissafin inda cutar take. Aikin sabar nan iso ne kawai: ta sanar da wayar malami cewa wane na sallama, ta nuna wa kowace waya inda 'yar'uwarta take, su daidaita kan murya da hoto, sai ta koma gefe. In babu mai iso, baƙo ya yi ta tsayuwa a zaure.

Da muka isa, shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai fara'a, ya kai mu ɗakin sabar. Na duba teburin da na ɗora ta a kai, wayam. Can a lungu na hangi buhun adana wake, irin mai leda biyu a ciki, an ɗaure bakinsa tamau, igiyoyin wuta sun leƙo.

"Alhaji, ina sabar?"

"Ga ta nan, Malam. Ai kai ka ce kada danshi ya taɓa ta. Da ɗakin ya fara yoyo muka killace ta. Ko ƙwaro bai shiga."

Dariya ta zo mini, kunya ta danne ta. Ni na faɗi maganar danshi, ban taɓa ce musu tana shan iska ba. Zafi ne ke kashe ta.

Muka zaro ta, ta huce, muka ɗora ta a kan kanta nesa da yoyon. Kira ɗaya ya shiga. Alhaji ya kanga ganyen masara a gaban wayar, malamin ya ce a yi feshi yau, da sauran dama.

La'asar ta yi mana a Funtua. Na koyi cewa mutanen nan ba su ƙi jin maganata ba. Sun ji ta sarai, rabi na faɗa musu.