Kawu Idi da Guryar Nasara

Ku da kuka san Kawu Idi, yayan mahaifiyata, kun san ba ya karɓar kyauta sai ya shinshina ta. Ko goro aka miƙa masa a wajen suna, sai ya kai hanci tukuna. Yakan ce shi bakinsa na jin kunyar mutane, amma hancinsa ba ruwansa da kowa.

Shekarar da Nasara suka aiko da gurya, irin auduga, kyauta, dagacinmu ya tara magidanta ya ce kowa ya ɗebi ƙwarya guda ya shuka, umarni ne daga sama. Kawu ya shinshina tasa, ya ce wannan iri bai taɓa shan ruwan ƙasarmu ta Kiyawa ba. Yana zuwa gida ya juye wa akuyarsa. Da damina ta zauna, yaron hakimi ya zo zagayen gonaki, ya tambaye shi ina tasa audugar. Kawu ya nuna akuya tana kiwo.

"Ga ta can, ranka ya daɗe. Har ta ɗauki ciki."

Kwana biyu ya yi a ɗaure a ƙofar dagaci. Ya dawo yana yabon miyar gidan.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, aka ce gyaɗa ce arziki, aka sake raba iri. Duk muka rage gero muka zuba gyaɗa. Ni har gidansa na je ina masa wa'azi. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ko a gidanmu ana tuƙa tuwon gyaɗa. Da kuɗin gyaɗa suka shigo, muka yi ta masa dariya cikin sabbin riguna, shi kuwa yana nan da tsohon warkinsa.

Da damina ta zagayo, ruwa ya ɗauke tun gero bai wuce gwiwa ba. Komai ya ƙone. Aka ce gwamnati za ta taimaka da irin gero, muka yi ta kallon hanyar Dutse har idonmu ya gaji. Sai da lokacin shuka ya wuce jakuna biyu suka iso, rabin hatsin ƙwari sun mayar da shi gari. Ranar aka dafa shi.

To Kawu, mutumin da kan bi kaza da gudu saboda zangarniya ɗaya, shi ya buɗe rumbunsa. Matan gari suka durƙusa suna godiya, ya ɗaure fuska.

"Ba kyauta ba ce. Ku kwashe, ɓeraye ne suka dame ni."

Rumbu ɗaya bai riƙe gari ba. 'Ya'yana mata biyu suka rasu a mako guda. Rabin unguwarmu suka nausa kudu, har yau babu labarinsu. Ƙafafun Kawu suka kumbura, ko na kai masa kunun dusa sai ya ce ya riga ya ci. Kafin ruwan farko muka kai shi makwancinsa.

Da muke share ɗakinsa muka tarar da tulu an liƙe bakinsa da laka, cike da irin gero, ko tsaba ɗaya bai taɓa ba. Shi muka shuka, mu da muka rage. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai babu hannun girbi, yawanci a gona ya zube.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya ƙosar da shi a Aljanna, Ya haɗa shi da 'ya'yana mata biyu. Amin.