Kacalla ta ci lambun Kawu

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da wani abokina mai shegen son rake, wanda ya biyo ni don kawai na sha ba shi labarin lambun kawuna da ke wani ƙauye gabas da Bande. Motar Magarya muka shiga. Direban ya ƙara kuɗin mota, ya ce esansi, wato man fetur, ya yi tsada, sannan ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ga wata akuya a ƙarƙashin ƙafata tana ɗanɗana bakin wandona. A shingen jandarmomi muka sayi ƙosai na dala ashirin-ashirin, ƙanana kamar an yi su da rowa.

A Bande muka sauka, muka hau kabu-kabu. Tun a hanyar rairayi na fara ganin abin da ban gane ba. Burtalin da na sani cike da ƙarangiya da harkiya, yanzu garmani ne kawai shimfiɗe har iya ganinka. Shanu na ratsa shi, ko sunkuyawa ba su yi. Mai mashin ya ce dabba ba ta cinsa, kuma inda ya sauka wata ciyawa ba ta sake fitowa. Na yi tsaki, na ɗauka abin takaicin ke nan na ranar.

Da muka hau tudun da ake hango tafkin garin, sai na ce mai mashin ya tsaya, don na zaci ya ɓatar da mu. Wallahi babu ruwa. Tafkin da na koyi iyo a cikinsa, inda muke tsinkar bado, masunta na yawo a kan gora, ya zama wani daji kore wanda ya fi mutum tsawo, da kawuna kamar zangarniyar gero. Kacalla ke nan. Na sha jin sunanta a rediyo, amma ban taɓa zaton ciyawa za ta iya haɗiye tafki sukutum ba. Abokina ya dube ni ya ce, "To, ina kifin da ka ce har da hannu ake kamawa?"

Kawu ya tarbe mu da fura mai sanyi, matarsa ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka. A da ba a kawo wa baƙo tuwo a gidan nan babu kifi a kai, sai ga shi da kifin gwangwani take ba mu haƙuri. Bayan la'asar ya kai mu lambu. Wannan lambun shi ne abincin gidan, tun daga kakanmu aka gaje shi, raken cikinsa fari ne mai laushi wanda ko tsohuwa marar haƙori za ta sha. Yanzu saura 'yan kunyoyi a bakin tudu. Kacalla ta toshe hanyar ruwa, saiwarta ta bi ƙarƙashin laka ta ɓullo a tsakiyar rake. Muna tsaye tsuntsaye jan-baki suka taso daga cikinta kamar hayaƙi, Kawu ya ce a nan suke kwana, su ne suka raba geron bana da mutanen gari.

A daren aka yi shela cewa gobe za a yi gayya a sa wa kacallar wuta. Mutanen nan manoma ne, abin da suka sani game da daji shi ne a sassabe, a tara, a ƙone. Kawu bai so ba. Da gari ya waye ya ja ni ya nuna mini inda aka ƙone bara, wurin ya fi ko'ina kauri da kore.

"Ɗana, wuta ganye take ci," in ji shi. "Uwar tana cikin laka, toka kuma taki ce gare ta. Sai an shiga ruwa an yanke ta daga ƙasa, a sake, a kuma sakewa. Wa zai shiga? Samari duk suna ci-rani, mu da muka rage matsattsaku sun ishe mu."

Ya faɗa wa dattawa haka a ƙofar masallaci, suka ce tsuntsu ya fi ƙarfinsu, ko ba komai a ƙone masa makwanci. Ban ga laifinsu ba, mutumin da rumbunsa bai cika ba ba ya jiran dogon bayani.

Da hantsi aka cinna wuta daga gefen yamma. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kacalla na fashewa tas-tas, macizai na fitowa, yara na ihu. Abokina da ya zo shan rake ya ɗare kan amalanken jaki, ya ƙi sauka. Har mun fara dariya, sai iska ta juya. Kafin a ce mene ne wannan, wutar ta bi busasshen ganye ta faɗa lambun Kawu. Muka ruga da rassan dogon yaro da bokitai, amma ina ruwan? Yana can ƙarƙashin ciyawar da muke ƙonawa, ba hanyar isa gare shi. Ina ji ina gani rake yana tafasa a tsaye, ƙamshin sukari ya cika wurin. Hawaye ya zubo mini ban sani ba. Kawu bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya zauna a ƙasa yana ta salati.

Dattawa suka zo jaje da yamma, kowa kansa a sunkuye. Wani ɗan kasuwa daga wajen Dungas da ya kwana a garin ya ce can ma haka take, tafkuna da yawa sun rufe. Washegari na leƙa bakin fadama, na sa sanda na tono saiwar kacalla a cikin tokar da ko hucewa ba ta gama yi ba. Fara sol take, da ranta.

Da za mu tafi, Kawu ya fito da wani buhu jiƙaƙƙe. Gaɓoɓin rake ne masu ido, ya tsinto su daga kunya ɗaya da wuta ta tsallake.

"Ka nemo mai lambu a wajenku, inda ruwa ke gudu, ka ba shi ya dasa," ya ce. "Irin babanmu ne. Nan ba zai ƙara yi ba."

Na ce, "Kawu, kai fa?"

Ya ce in na ji ana neman mai gadi a birni, in tuna da shi.

Mun iso Damagaram bayan magariba, abokina bai sha ko gaɓa ɗaya ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Tafiyar ta koya mini cewa ba fari kaɗai ke korar manomi daga gonarsa ba, kore ma na iya korarsa, kuma aikin da aka saba yi tun kaka da kakanni ba kowace ciyawa yake kashewa ba. Yarana sun yi ca a kan buhun, na hana su. Yana nan bayan randa, kullum ina yayyafa masa ruwa. Na tambayi masu lambu biyu, duk sun ce ba su da fili, gaɓoɓin kuma sun fara yaushi.