Gishirin Kasuwar Oje

Shekara ashirin da shida rumfata tana manne da ta Omoladun a kasuwar Dugbe. Ni ina ɗinke littattafan da suka yage, ita tana sayar da sababbi da tsofaffi, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa in duba mata kaya ta zaga bayi ba. Rufewa take yi, ta sa kwaɗo biyu, ta jijjiga su, sannan ta harare ni. In ka kawo mata alale daga gidan suna za ta yi godiya har da rusunawa, kana juya baya ta zuba wa kajin mai gadi. Abin da ba hannunta ne ya dafa ba, ba ya shiga bakinta. Kowane littafi kuwa a leda yake. Kana son ka buɗe? Saya.

Mutum ɗaya na san ta taɓa yarda da shi, wan mijinta da ke Legas. Da mijin ya rasu, shi ya ɗauki 'yarsu ɗaya tilo, Ibidun, wai zai sa ta makaranta. Duk Disamba yarinyar takan zo a rame, ba ta kallon idon kowa. Wata shekara ta faɗa wa uwar wata magana a cikin rumfa. Ban ji maganar ba, amsar na ji: "Rufe min baki! Wan ubanki ne fa." A Janairu ta sa ta a mota ta koma. Ibidun na gama sakandare ta ɓace, yau shekara goma sha huɗu. Tun daga nan muka daina kiran matar Iya Ibidun, muka koma Iya mai littattafai.

Da aka fara yayin littattafan nan da ke ɗauko tatsuniyoyin kakanni su juya su, Omoladun ta tsane su. Kunkuru ya zama mai kisan kai, marainiya ta zama mayya, ƙarshen da muka sani mai daɗi ya koma makoki.

Ta ce da ni, "Baba Lekan, waɗannan yaran wa ya ɓata musu rai? Tatsuniya tana zamanta lafiya, sai an zuba mata jini?"

"To ki daina sayarwa mana."

"Kai za ka ciyar da ni, da zare da allurarka?"

'Yan matan jami'a kuwa rububinsu suke yi. Bara aka kawo mata kwali guda na wani sabo, a kan tatsuniyar yarinyar da makaɗi ya sace ya sa a cikin ganga, yana yawo da ita gari gari tana waƙa. Kowa ya san ƙarshenta: uwar ta gane muryar 'yarta, ta bugar da makaɗin da bammi, ta farke gangar. Sunan marubuciyar kalma ɗaya ce, daga gani na aro ne, kuma babu hoto a bango.

Kwana biyu sai ga wata ɗaliba ta dawo da nata.

"Mama, wannan bugun bai cika ba. Dubi wajen waƙar, layi ɗaya rubutu, layi ɗaya fili."

Omoladun ta fizge. Nan take ta yanke hukunci: jabu ne, dillalin ya cuce ta, dama idonsa bai yi mata ba. Ta sa tabarau don ta ga iyakar ɓarnar kafin ta kira shi. Amma ba ta kira shi ba. Na leƙa, na tarar ta dafe shafin da hannu biyu.

Littafin da Turanci yake, amma waƙar da harshenmu aka bar ta. Ko'ina a ƙasar nan yarinyar cikin ganga cewa take yi an aike ta rafi ɗiban ruwa. A nan an rubuta: "Iya ta aike ni sayen gishiri a Oje."

"Kai ka ba wani labarin nan," ta ce da ni.

"Wane labari kuma?"

"Kunnenka kullum yana jikin katangata. Ko matarka ce, mai bakin nan nata?"

Raina ya ɓaci, amma na tsaya. A hankali ta faɗa min. Ibidun tana ƙarama tsoron rafi take yi, shi ya sa uwar ta sauya mata baitin, ta mai da shi gishiri da kasuwar Oje. A ɗakinsu kawai ake rera shi haka. Yarinyar ce ke yin waƙar, uwar na yi mata amshi bayan kowane layi.

Ranar ta karanta littafin tun daga farko, masu saye na zuwa tana korarsu da hannu. A cikinsa uwar ta gane muryar sarai. Ta dubi makaɗin, babban mutum mai babbar riga, ta dubi jama'a, sai ta liƙa masa kuɗi a goshi ta koma gida ta ɗora tukunya. Filin da ke tsakanin layukan nan ba kuskuren injin ba ne. Wurin amshi ne, kuma babu wanda ya amsa.

Mako guda tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Wata ƙawar Ibidun ce ta saci waƙar. A'a, 'yan damfara ne ke son ta je Legas su sace ta. Duk budurwar da ta tsaya gaban rumfar sai ta ƙare mata kallo har yarinya ta tsargu ta wuce. Na gaji na ce, "Iya, kin zargi kowa a Dugbe. Saura mutum ɗaya, wadda ta ce a rufe mata baki." Ba ta gaishe ni ba kwana uku, kuma ban yi nadama ba.

A rana ta huɗu ta ari birona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yage ledar wani sabo, ta cike kowane fili da rubutunta mai karkata: "Ina jin ki, 'yata, ina jin ki." Sau tara. Na naɗe mata shi, muka aika wa kamfanin da ya buga, a miƙa wa marubuciyar.

Wata biyu babu labari. Omoladun ta ce 'yan kamfanin sun sayar da shi, ɓarayi.

Sai wata Laraba da hantsi mai babur ya kawo ƙaramin ƙunshi. Babu wasiƙa, babu suna, babu lambar waya. Ƙullin leda ne kawai, da farin abu a ciki, bai fi cikin tafin hannu ba.

Na ce, "Iya Ibidun, tsaya. Ba ki san wanda ya ƙulla shi ba, ba ki san me aka sa a ciki ba."

Ta kwance ƙullin da haƙori. Ta dangwala yatsa, ta kai bakinta.

"Gishiri ne," ta ce. Hawaye na zuba, ta sake dangwalawa. "Ta kawo aiken, Baba Lekan. Ita ce dai ba ta shigo ba."